Jabun dala, giram 55 da bindiga ɗaya: yadda kotun tarayya a Amurka ta kai ga ɗaurin wata 126

Wannan nazari na koyarwa ne. An gina shi a kan fasalin shari'o'in da kotunan tarayyar Amurka ke gani a kai a kai, inda mutum ɗaya zai gurfana da tuhuma iri uku a wuyansa: jabun kuɗi, ƙwaya da bindiga. Ba a ambaci suna ko gari ba, kuma an zaɓi adadin giram da na dala ne don lissafin ya fito fili. Dokokin da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da aka kawo na gaske ne, kamar yadda suke aiki a 2023 da 2024.

## Mutumin da tarihinsa

Ɗan shekara 34 ne, mai walda, aikin yakan zo ya tafi. Ya shafe kusan shekara biyar yana shan metamfetamin, wadda 'yan ƙwaya ke kira ais. Sau biyu kotun jiha ta taɓa hukunta shi. Shekara takwas da suka wuce an ɗaure shi shekara 2 kan satar mota. Shekara biyu da suka wuce kuma an kama shi da ɗan abin da zai sha, aka ba shi kwana 90 a gidan yari da ɗaurin talala na shekara 3. Wa'adin talalar bai ƙare ba lokacin da wannan lamari ya taso.

Hukuncin satar motar ya haramta masa riƙe bindiga ko harsashi, domin sashe na 922(g) na kundi na 18 na dokokin tarayya ya hana duk wanda aka taɓa samu da laifin da ɗaurinsa zai iya wuce shekara ɗaya. Daga Yunin 2022, wanda ya karya wannan hani zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 15.

## Mako shida kafin kamu

Ya fara shigar da jabun dala 100 a gidajen mai da kantuna. Zai sayi kayan da ba su kai dala 15 ba, ya karɓi canji na gaske. Takardun asalinsu dala 5 ne na gwamnati da aka wanke wa rubutu, aka buga hoton tsohuwar dala 100 a kansu da firintar gida. Shi ya sa alƙalamin gwajin jabu da masu karɓar kuɗi ke shafawa bai tona su ba. Alƙalamin sitacin da ke cikin takardar ofis yake ganowa, takardar dala kuwa auduga ce kashi 75 da lilin kashi 25, wanki ba ya canja ta.

Abin da wanki ba ya taɓawa shi ne abin da aka saka a cikin jikin takardar. Idan aka ɗaga dala 100 ta gaske a haske, fuskar Benjamin Franklin ce ke bayyana a gefen dama, zaren tsaronta kuma ruwan hoda yake yi a ƙarƙashin fitilar gwaji. Waɗannan takardu babbar lamba 5 suke nunawa, zarensu yana yin shuɗi. Bankuna sun tsinci guda 31 cikin kuɗin da 'yan kasuwa suka kai ajiya, suka tura wa Secret Service, hukumar da aka kafa a 1865 musamman don yaƙi da jabun kuɗi. Duka 31 ɗin lambobin siriyal uku kacal suke ɗauke da su, domin takardu uku aka kwafa ana maimaitawa.

## Ranar kamu, Fabrairun 2023

Wata mai karɓar kuɗi ta ɗaga takardar a haske, ta ga 5 a inda ya kamata ta ga fuska. Kafin ta kira mai kanti, mutumin ya bar kayan da kuɗin a kan kanta ya fice. Ta rubuta lambar motarsa. Bayan kamar minti 20 'yan sanda suka tsayar da shi, suka kama shi, suka binciki motar.

A kujerar gefen direba akwai jakar goyo. A cikinta an samu leda ɗaya ta ais mai nauyin giram 46, ƙaramin sikeli, ƙananan ledoji na ƙulli, jabun dala 100 guda 12, da ƙaramar bindiga cike da harsashi a aljihun gaba na jakar. Bayan an karanta masa gargaɗin Miranda, wato haƙƙinsa na yin shiru da na samun lauya, ya ce ya gane, ya ci gaba da magana. Ya shaida wa ɗan sandan cewa ya riƙe bindigar ne saboda an taɓa ƙwace masa kaya a wurin ciniki. Kyamarar da ke ƙirjin ɗan sandan ta ɗauki maganar.

Da yamma aka binciki ɗakinsa da takardar izinin alƙali. An samu firinta, wasu jabun 35, da wata ledar ais ta giram 9 a kan durowar gefen gado, kusa da lofen gilashi da ya yi baƙi don amfani. Babu sikeli ko ledojin ƙulli a ɗakin. Jimillar jabu, tare da 31 da bankuna suka tsinta, ban da wadda ya bari a kanti, ta zama 78, wato dala 7,800. Jimillar ƙwaya giram 55.

## Wata na 1 da na 2: tuhuma da hana beli

Masu gabatar da ƙara na tarayya suka karɓi shari'ar daga hannun jiha. Ɗakin gwajin gwamnati ya ce ƙwayar tsantsa ce kashi 96 cikin 100, abin da ya ba da giram 52.8 na zallar metamfetamin. Wannan adadi ne ya tsara takardar tuhuma. Sashe na 841 na kundi na 21 ya yi wa metamfetamin matakai biyu na ɗaurin dole: giram 5 na tsantsa ko giram 50 na gauraye suna jawo aƙalla shekara 5, har zuwa 40, giram 50 na tsantsa ko giram 500 na gauraye suna jawo aƙalla shekara 10, har zuwa rai da rai. Ya haye mataki na sama da giram 2.8.

Tuhuma huɗu aka yi masa: riƙe giram 50 ko fiye da niyyar sayarwa, riƙe bindiga don taimaka wa fataucin ƙwaya, ƙarƙashin sashe na 924(c), riƙe bindiga alhali an haramta masa, da buga jabun kuɗi ƙarƙashin sashe na 471, wanda iyakar ɗaurinsa shekara 20 ne amma ba shi da mafi ƙaranci na dole. Sashe na 924(c) yana da halinsa daban. Mafi ƙarancinsa shekara 5 ne idan riƙewa kawai aka yi, 7 idan an nuna wa wani bindigar, 10 idan an harba, kuma doka ta ce ba zai tafi tare da kowane ɗauri ba, sai dai a ɗora shi a kai. Saboda haka, da juri, wato tawagar 'yan ƙasa da ke sauraron shaidu su yanke ko mutum ya yi laifi, ya same shi da laifi a kan komai, alƙali ba zai iya sauka ƙasa da wata 180 ba.

Bai samu beli ba. A laifin ƙwaya mai ɗaurin shekara 10 ko fiye, da kuma laifin 924(c), doka tana ɗauka tun farko cewa tsarewa ce ta dace, sai wanda ake tuhuma ya kawo abin da zai karya wannan zato. Mutumin da ke cikin ɗaurin talala aka kuma kama shi da bindiga ba shi da abin kawowa.

Lauyar da gwamnati ta ba shi don ta kare shi ta yi masa lissafin farko da jadawalin jagorar hukunci. Wannan jadawali, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 1987, yana da matakan laifi 43 a tsaye da rukunan tarihi 6 a kwance, inda suka haɗu nan ne adadin watanni. Tun shari'ar Booker ta 2005 ya zama shawara ga alƙali, amma dole a fara lissafa shi daidai. Giram 50 zuwa 150 na tsantsa mataki na 30 ne. Tarihinsa maki 3 ne na satar mota, tunda ɗaurin ya wuce shekara ɗaya da wata ɗaya, maki 2 na kwana 90, tunda ya kai kwana 60, sai ƙarin maki 2 da ƙa'idar lokacin ke ɗora wa wanda ya yi laifi yana cikin talala. Maki 7 rukuni na huɗu ne. Mataki na 30 a rukuni na huɗu wata 135 zuwa 168 ne, a ƙara 60 na bindiga, ya zama 195 zuwa 228.

## Wata na 3 zuwa na 6: yunƙurin soke shaidu

Lauyar ta nemi kotu ta yi watsi da abin da aka samu a mota. Hujjarta ita ce miƙa jabun kuɗi ba ya zama laifi sai mutum ya san jabu ne kuma ya yi niyyar cuta, kuma kowa zai iya karɓar takarda ɗaya a canji bai sani ba. Idan kamun ba shi da tushe, binciken motar ya faɗi, takardar izinin binciken ɗaki da aka gina a kansa ma ta bi shi.

Alƙali ya saurari ɗan sandan da mai karɓar kuɗin, ya ƙi buƙatar. Ya dogara da abu biyu: mutumin ya gudu ya bar takardar dala 100 da yake iƙirarin tasa ce, kuma tun kafin ranar 'yan sanda suna da rahotanni daga wasu kantuna da suka siffanta irin motar, da lambar siriyal iri ɗaya. Game da binciken, shari'ar Arizona da Gant ta 2009 ta yarda a binciki mota bayan kamu idan akwai dalilin tsammanin samun shaidar laifin da aka yi kamun dominsa a cikinta. Mai shigar da jabu ba kasafai yake fita da takarda ɗaya ba.

Buƙata ta biyu ita ce a cire maganar da ya yi kan bindigar, bisa cewa a buge yake lokacin. An kunna bidiyon a kotu. An gan shi yana faɗin adireshinsa da ranar haihuwarsa ba kuskure, har yana gyara wa ɗan sandan yadda ake rubuta sunan titinsu. Alƙali ya ce ya san abin da yake yi.

An kuma duba yiwuwar sake gwada ƙwayar a wani ɗakin gwaji. Lissafi ya hana. Kafin giram 55 su faɗi ƙasa da giram 50 na tsantsa, sai tsabtarsu ta sauko ƙasa da kashi 91, kuma tazarar kuskuren da rahoton gwajin ya nuna ba ta kai nan ba.

## Wata na 7 zuwa na 10: ciniki da masu gabatar da ƙara

Hanyoyi biyu ne kawai ke bai wa alƙalin tarayya damar sauka ƙasa da ɗaurin dole, kuma an gwada duka biyun.

Ta farko ita ce sassaucin sashe na 3553(f), wanda aka tanada don ƙananan 'yan ƙwaya. Cikin sharuɗɗansa biyar akwai cewa mutum bai riƙe bindiga dangane da laifin ba. Jakar goyon ta rufe wannan ƙofa tun kafin a zo kan tarihinsa. Daga baya ma, a Maris 2024, Kotun Ƙoli a shari'ar Pulsifer ta ce tsohon laifi ɗaya mai maki 3 ya isa ya hana mutum wannan sassauci.

Ta biyu ita ce taimaka wa gwamnati ta kama wani. Ya zauna da jami'ai sau ɗaya, lauyarsa na gefe. Mai ba shi kaya da laƙabi kawai ya san shi, lambar wayar da ya bayar ta daina aiki tun makon kamunsa, wurin haɗuwarsu kuma filin ajiye motoci ne. Wata bakwai a tsare sun sa labarinsa ya tsufa. Gwamnati ce kaɗai ke da ikon shigar da buƙatar rage hukunci saboda taimako, kuma ba ta shigar ba.

Daga nan ciniki ya koma kan tuhume-tuhumen kansu. Lauyar ta nemi a janye 924(c), ya amsa laifin riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba, a ƙara masa mataki 2 da jagorar ke ɗorawa kan laifin ƙwaya idan akwai makami. Masu gabatar da ƙara suka ƙi. Abubuwan da kotuna ke dubawa don haɗa bindiga da fatauci duk sun taru a nan: tana da harsashi, tana jaka ɗaya da kaya da sikeli, hannunsa zai kai gare ta daga inda yake zaune, ba shi da izinin riƙe ta, ga kuma bakinsa a bidiyo.

Inda aka samu kafa shi ne ledar giram 9. Tun shari'ar Alleyne ta 2013, duk abin da zai ɗaga ɗaurin dole sai juri ya tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba, ko wanda ake tuhuma ya amsa da bakinsa. Tuhumar kuwa riƙewa da niyyar sayarwa ce. Idan ledar gefen gado ta shansa ce, abin da ya rage na sayarwa giram 46 ne, wato kimanin giram 44.2 na tsantsa, ƙasa da 50. Lauyar ta tara hujjoji a kan haka: hoton binciken da ya nuna ledar kusa da lofe, rashin sikeli da ledojin ƙulli a ɗakin, gwajin fitsarin da aka yi masa ranar shiga gidan yari, da takardun wata cibiyar jinyar shaye-shaye da ya fara zuwa ya daina. Yawancin kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya da suka duba batun sun ce a irin wannan tuhuma ba a ƙirga abin da mutum ya ajiye don shan kansa. Da haɗa baki don fatauci aka tuhume shi, wannan hujja ba za ta yi aiki ba, domin a can ana ƙirga har abin da mutum ya ajiye don shan kansa. Nan kuwa babu wani abokin harka da aka kama.

Masu gabatar da ƙara suka auna: tazarar giram 2.8 ce kawai a hannunsu, ga leda mai giram 8.6 na tsantsa da juri zai iya cewa ta sha ce. Suka yarda a sauko mataki na shekara 5.

A wata na 10 ya amsa laifi uku: ƙwaya a mataki na ƙasa, 924(c), da jabun kuɗi. An janye tuhumar 922(g). Gwamnati ta yi alkawarin neman ƙasan abin da jadawali ya bayar, amma yarjejeniyar irin wadda ba ta ɗaure alƙali ba ce, kuma an gaya masa a fili cewa ko hukuncin ya fi tsammaninsa ba zai iya janye amsarsa ba. Ya kuma sarayar da mafi yawan haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara. Ɗaurin dole ya sauko daga wata 180 zuwa 120.

## Wata na 11 zuwa na 13: rahoton gabanin hukunci

Jami'in kotu mai binciken tarihin masu laifi ya yi masa tambayoyi, ya tattara takardun kotunan jiha, ya rubuta rahoto. Ƙa'ida ta ce a bai wa ɓangarorin biyu rahoton aƙalla kwana 35 kafin ranar hukunci, su kuma su kawo ƙorafi cikin kwana 14.

Daftarin farko ya ƙirga giram 55 duka, ya sa mataki na 30. Jami'in ba ya cikin yarjejeniya, kuma a lissafin jagora rinjayen hujja ya isa, ba sai an kai matsayin da ake nema a gaban juri ba. Lauyar ta yi ƙorafi a kan lokaci da hujjojin ledar gefen gado, gwamnati ba ta ja ba, aka gyara zuwa mataki na 28, na giram 35 zuwa 50. Ba a ƙara mataki 2 na makami ba, domin jagorar ta hana a hukunta bindiga ɗaya sau biyu idan akwai 924(c).

Lissafin jabun kuɗi ya tafi haka: tushe mataki na 9, ƙarin 2 saboda darajar takardun ta wuce dala 6,500, ƙarin 2 saboda shi ya buga su, ya zama 13, sai ƙa'idar da ta ce mai bugawa ba zai gaza mataki na 15 ba ta ɗaga shi zuwa 15. Akwai togiya ga jabun da muninsa ya sa ba wanda zai karɓa ko da kallo ɗaya, kuma wanda ake tuhuma ya so a yi jayayya a kai. Lauyar ta bar maganar. Takardu 31 sun riga sun wuce ta hannun masu kanti, sannan ko an yi nasara ba abin da zai canja. Idan ana haɗa laifuka mabambanta, jagorar tana ɗaukar mafi tsanani, ta ƙara masa cikakken kaso, wato ma'aunin da ake ɗaga mataki da shi, idan na biyun ya gaza shi da mataki 4 ko ƙasa, rabin kaso idan tazarar 5 zuwa 8 ce, ta kuma yi watsi da duk wanda ya gaza da mataki 9 ko fiye. Tsakanin 28 da 15 akwai 13.

Gyare-gyare biyu da suka fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2023 sun same shi, domin kundin da ke aiki ranar hukunci ake amfani da shi muddin bai fi na ranar laifi tsanani ba. Na farko ya soke ƙarin maki 2 na talala, ya mayar da shi maki 1 ga wanda ya riga ya kai maki 7 kaɗai. Makinsa ya tsaya a 5, rukuni na uku. Na biyu ya shafi rangwamen amsa laifi: mataki 2 ne daga alƙali, da ƙarin 1 da gwamnati ke nema idan an hutar da ita shirin shari'a. A da, wasu masu gabatar da ƙara sukan hana wannan na ukun ga wanda ya nemi a soke shaidu. Gyaran ya bayyana cewa irin wannan buƙata a bisa al'ada ba ta cikin shirin shari'a. Ya samu ukun.

Mataki na 25 a rukuni na uku wata 70 zuwa 87 ne. Da tsohuwar ƙa'idar maki ce, da 84 zuwa 105 ne. Tare da 60 na bindiga, rahoton ƙarshe ya nuna 130 zuwa 147.

## Wata na 14: ranar hukunci

Gwamnati ta nemi wata 130. Lauyar ta nemi 120, ta kawo dalilai uku.

Na farko kan tsantsa ne. Jagorar tana ɗaukar giram 1 na tsantsa daidai da giram 10 na gauraye, bisa tunanin cewa mai kaya mai tsabta yana kusa da manyan dillalai. Lauyar ta ce yanzu ais mai tsabta haka ita ce ke hannun 'yan ƙulli na titi ma, don haka tsabta ba ta nuna matsayin mutum. Da an auna giram 46 a matsayin gauraye, mataki na 22 ne, kuma a nan ne kawai jabun zai ƙara mataki 1, a cire 3, a samu wata 41 zuwa 51, ƙasa da 60 na dole. Shari'ar Kimbrough ta 2007 ta ba alƙalai damar saɓa wa jagorar saboda rashin gamsuwa da manufarta, kuma wasu alƙalai suna yin haka a kan metamfetamin. Wannan alƙali ya ce ya san yana da ikon, amma ba zai yi amfani da shi ba.

Na biyu shi ne shari'ar Dean ta 2017, wadda ta ce alƙali zai iya la'akari da shekarun dole na 924(c) lokacin da yake tsayar da ɗaurin laifin da aka jingina bindigar a kansa. Wannan ya karɓa. Na uku shi ne shaye-shayensa, da wasiƙar wani tsohon maigidansa a aikin walda da ya ce zai sake ɗaukarsa. Alƙali ya ambaci wannan, ya kuma ambaci cewa talala ba ta hana shi komai ba, kuma masu karɓar kuɗin da aka cuta ƙananan ma'aikata ne.

Hukuncin: wata 66 kan ƙwaya, wata 24 kan jabu, su tafi tare da 66 ɗin, wata 60 kan bindiga, a ɗora a kai. Jimilla wata 126. Bayan saki zai yi shekara 4 ƙarƙashin sa idon kotu, wanda shi ne mafi ƙarancin da sashe na 841 ya tanada a wannan mataki, da sharaɗin gwajin ƙwaya da jinya. Zai biya dala 3,100 ga kantunan da suka yi asara, da dala 300 na kuɗin kotu, 100 kan kowane laifi. Ba a ci shi tara ba saboda ba shi da hali. An ƙwace bindigar da harsasan da firintar. Alƙali ya ba da shawarar a sa shi a shirin jinyar ƙwaya na gidan yari, amma bai ƙara masa ko wata ɗaya don haka ba, domin shari'ar Tapia ta 2011 ta hana tsawaita ɗauri saboda jinya. Kwana 14 na ɗaukaka ƙara suka wuce ba a shigar da komai ba.

## Bayan hukunci: abin da zai zauna a zahiri

Tsarin tarayya ba shi da sakin talala kafin wa'adi ga laifukan da aka yi daga Nuwamban 1987. Abin da ke akwai shi ne rangwamen ladabi, har kwana 54 kan kowace shekarar hukunci. A shekara 10 da rabi kwana 567 ke nan, kusan wata 18 da rabi, idan bai yi laifi a ciki ba. Watanni 14 da ya yi a tsare ana ƙirga masa su. Abin da ya rage masa daga ranar hukunci kimanin wata 93 ne.

Shirin jinyar zama na hukumar gidajen yari awa 500 ne, kusan wata tara, kuma wanda ya kammala zai iya samun ragin da ya kai shekara ɗaya. Shi zai iya shiga, amma ba zai samu ragin ba, domin hukumar ta cire masu laifin da ya haɗa da bindiga, kuma Kotun Ƙoli ta amince da hakan a shari'ar Lopez ta 2001. Dokar First Step ta Disamban 2018 tana ba fursunoni kwana 10 zuwa 15 kan kowane kwana 30 na shirye-shiryen gyaran hali, amma 924(c) yana cikin jerin laifukan da aka hana wannan lada.

## Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Laifin da ya jawo kamun, wanda ya tara rahotannin bankuna da jami'an Secret Service, bai ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Da shi kaɗai ne, mataki na 15 da rangwamen 2 zai ba da wata 18 zuwa 24. Aikin da jabun ya yi shi ne ya ba 'yan sanda halastaccen dalilin buɗe jakar, kuma ya sa kantunan suka samu umarnin biyan asararsu. Lauyar ta yi daidai da ta ƙi ɓata ƙorafinta a kansa.

Buƙatar soke shaidu ta ci wata huɗu ba ta haifar da komai ba, kuma da wuya ta yi nasara tun farko, ganin yadda ya bar kuɗin ya gudu. Ba a ce kuskure ba ne, domin ita kaɗai ce za ta iya rushe shari'ar gaba ɗaya. Asarar da jinkirin ya jawo kuwa ta tabbata: bayanin da zai iya sayarwa a makon farko ya zama ba shi da daraja a wata na bakwai.

Babbar nasarar ita ce ledar giram 9, kuma ta samu ne saboda hujjojinta abubuwa ne da gwamnati da kanta ta tattara, hotunan bincike da gwajin fitsari, ba maganar wanda ake tuhuma ba. Ta rage wata 60 daga ɗaurin dole da mataki 2 daga jadawali. Da ledar tana cikin jakar goyo tare da sikeli, ko da tuhumar haɗa baki ce, da ba ta samu ba.

Bindigar ce ta fi komai tsada. Da an amince da musayar da lauyar ta nema, lissafin zai zama mataki na 27, wata 87 zuwa 108, maimakon 130 zuwa 147, kuma da yana da damar tara ladan First Step. Ba alƙali ba ne ya yanke wannan. Mai gabatar da ƙara ne ya yanke shi a wata na tara, yana kallon hoton jakar da bidiyon gefen titi. Ranar hukunci, duk muhawarar awa ɗaya da rabi ta tsaya ne tsakanin wata 120 da 130.